Na-Dama da Takalmin Tsohuwa

Rigimar da ta ba shi suna ta faru shekara ashirin da uku da suka wuce, a rumfar gyaran takalmin da ubansu ya mutu ya bar musu, shi da ƙanensa. Wani mai raba wasiƙu ne ya kawo takalmansa na aiki, duka biyun sun wangale baki kamar masu jin yunwa, ya ce sauri yake yi. Sai 'yan'uwan suka raba aikin, wan ya ɗauki na dama, ƙanen ya ɗauki na hagu. Wan ya gama nasa tun ƙanen bai kai rabi ba, ya miƙe ƙafa yana fito, yana cewa wasu mutanen in ka ba su allura sai ka ɗauka naƙuda suke yi.

Wata guda cif, damina ta yi ruwa har ta gaji, sai ga mai wasiƙu ya dawo yana ɗingishi. Takalmin dama yana fat-fat a ƙasa, babban yatsa ya leƙo waje yana gaida jama'a. Na hagu kuwa ko gezau.

Wan ya ce, "Ai ba laifin ɗinki ba ne. Ƙafar dama ita ke shan wahala. Da ita ake fara taku, da ita ake shurin kare."

Mai wasiƙu ya ce, "Malam, ni bahago ne har a ƙafa. Duk karen da na taɓa shura a garin nan, da hagu na shure shi."

"To ƙafarka ta dama ta fi girma."

Aka kawo zare aka auna a gaban mutane. Ta hagu ce ta ɗara.

Mai hankali a nan zai yi shiru ya ɗauki allura. Shi kuwa sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "To bana ruwan ta dama ya fi sauka."

Har mai wasiƙun sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Daga ranar sunan da ubansa ya raɗa masa ya bi ruwa. Ya zama Na-Dama, ƙanen ya zama Na-Hagu. 'Ya'yansa ma a makaranta 'ya'yan Na-Dama ake ce musu, kuma suna amsawa, marasa kunya.

Ba a rufa shekara ba 'yan'uwan suka rabu. Na-Hagu ya koma can sama, layin asibiti, ya kama shago mai ƙofar gilashi da fanka a rufi. Na-Dama ya tsaya inda yake, bayan tasha, unguwar da direban tasi in ka ce ya kai ka sai ya tuna yana da ciwon baya. Nan ne ake shanya wanki mutum ya zauna gadinsa har ya bushe. Ranar da ƙanen ya kwashe kayansa, Na-Dama ya rantse a gaban shaidu cewa ƙafarsa ba za ta taka wannan shago ba, ko gawarsa aka ɗauko a zagaya da ita ta bayan layi. Suna haɗuwa a wajen gaisuwar rasuwa in an yi a dangi, su yi musabaha da yatsu biyu, kowa idonsa a kan takalmin ɗan'uwansa.

A gaskiya ba ragon ma'aikaci ba ne. Allah ya ba shi ido a kan ƙafa. Ya ga takalminka sau ɗaya, zai gaya maka kana jan ƙafar hagu, aikinka na tsayuwa ne, kuma matarka ta daina kula da kai. Fuska yana mantawa, amma ƙafa in ta zauna a kan akwatinsa, ta shiga kansa ke nan har abada. Ciwonsa ɗaya ne a duniya, ɗinkin ƙanensa. Wani irin ɗinki ne da zaren ke bi ta cikin kaurin fata bai fito ta sama ba. Sai ka tanƙwara takalmin sannan za ka ga 'yan ƙananan lotsawa a jere, ƙarshen kuma an koma baya taku uku an binne ƙullin a ciki. Ba ubansu ne ya koya wa ƙanen ba, shi ya ƙirƙiro abinsa, kuma wannan ne Na-Dama bai yafe ba.

A ƙarƙashin bencinsa akwai wani tsohon gwangwanin fenti da ya ce ƙusoshi ne a ciki. Ƙarya ne. Guntayen fata ne cike, kowanne da gwajin wannan ɗinki, kowanne zaren ya tsallako waje a taku na biyar ko na shida. Matarsa, wadda ke sayar da lemo a gefen rumfar, ta san da gwangwanin, yadda mata suka san komai su yi shiru sai ranar da zai yi amfani. Ita ce ma ta taɓa yi masa cin amanar da ba ya so a tuna. Wata rana ya ɗauki takalminta na unguwa zai goge mata, ya tanƙwara shi, ya ga lotsawar nan a jere. Kwana biyu bai ci abinci ba. Wato bai ci a gabanta ba.

To, ranar da za a ba da labarinta, bayan azahar ce, rana tana dukan kwano kamar da gayya. A bakin layin akwai wata ƙonanniyar bas da ta fi wasu mazauna unguwar daɗewa, a inuwarta Giɓi da mutanensa suke zama. Giɓi ya haura talatin, haƙoransa biyu na gaba sun tafi a wani faɗa, aikinsa kuma shi ne duk baƙon da ya shigo layin ya fita ba shi da nauyi.

Sai ga wata tsohuwa ta ɓullo ta bayan bas ɗin. Kayanta fes, an goge su har da kari, tabarau na lilo a ƙirjinta, 'yan kunnen zinariya a kunne. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu. Tana tafe tana duban ƙofofi kamar mai neman wadda ta sani. Kafin ka ce me, mutum biyar sun yi mata da'ira.

Giɓi ya ce, "Sannu Kaka. 'Yan kunnen nan ai sun yi miki nauyi. Kawo jikokinki su riƙe miki."

Tsohuwa ta yi masa murmushi ta ce, "Kai ɗan aji nawa ne?"

Kada wanda ya ɗauka Na-Dama jarumi ne. In aka fara jifa a layin, shi ke riga gwangwaninsa shiga ƙarƙashin benci. Ba tausayi ne ya fara tayar da shi ba, takalmin nan ne. A ce mutum ya zo wucewa ta gaban rumfarsa da tsinkakken takalmi a hannu, wasu ƙatti su tare hanya? Ya miƙe, guduma a hannu ya ma manta da ita, sai da ya isa tsakiyarsu ya tuna ko shi wane ne.

Giɓi ya ce, "Baba Na-Dama, koma kan gam ɗinka."

"Zan koma. Ara mini kunnenka tukuna."

Ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya, amma ba can ƙasa ba. "Falle nawa na roba na saka maka a dunduniya?"

Giɓi ya waiga ya dubi mutanensa.

"Huɗu ne. Kowace ƙafa huɗu. Ka taɓa kunnen matar nan, wallahi nan zan tsaya in faɗa wa yaranka ainihin tsawonka. In gama in je in faɗa wa mai gyaran gashin nan da kake yi wa tsaye-tsaye a ƙofar shago, ta san cewa ranar da ka cire takalmi a hammatarta za ka tsaya."

Giɓi ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya juya ya ce, "Kai, ku ba ta hanya. Kakar Baba ce. Wasa muke."

Suka buɗe, amma idanunsu suka raka 'yan kunnen har rumfa. Na-Dama ya san abin da ya saya ɗan lokaci ne. Da yamma wasu ke gangarowa daga tasha, waɗanda bai taɓa ganin dunduniyarsu ba, kuma su ba a yi musu raɗa.

Matarsa ta ba tsohuwa kujera, ta ba ta ruwa, ta ɓare mata lemo. Tafin ƙafar da ba takalmi ya yi ja, ya yanke wuri biyu. Ta ɗauraye mata, ta ce, "Inna, yaya sunanki?"

"Ai kowa ya san ni."

"Ina ne gidanku?"

"Kusa da makaranta."

"Wace makarantar?"

Tsohuwa ta dube ta kamar ta ga daƙiƙiya. "Tamu mana. 'Yata zan ɗauko, tana aji biyu. In na makara kuka take yi."

Matar ta dubi furfurar da ta leƙo ta ƙasan ɗankwali, ta dubi mijinta. Suka buɗe 'yar jakarta. Hankici, mataji, cokali ɗaya, mabuɗi ɗaya. Ba waya, ba takarda. Hannun tsohuwa yana ɗan rawa, can ta ce, "An ba ni maganin yamma kuwa?" Aka ce tukuna. Ba a jima ba ta sake tambaya.

Matar ta tare tasi da niyyar su kai ta wajen 'yan sanda. Tsohuwa na ganin an buɗe ƙofar mota ta rungume ƙafar rumfa ta fasa ihu, wai ba ta shiga motar wanda ba ta sani ba. Sai da mai tasi ya tafi ta saki, ta gyara ɗankwali kamar ba ita ba, ta miƙa wa Na-Dama takalmin ta ce, "Ga shi, ya tsinke."

Ya karɓa. Takalmin mata ne na fata, mai maɗauri ɗaya a kan ƙafa, na hagu. A gefen babban yatsa an yanka an ƙara faci mai laushi, saboda ƙashin wurin nata ya kumbura ya fito. Ba na kanti ba ne yadda ya zo, wani ne ya auna ƙafar nan ya gyara shi dominta. Na-Dama ya nemi zaren facin bai gani ba. Ya tanƙwara takalmin.

Ga lotsawar nan a jere. Ga taku uku an koma baya.

Ya tura takalmin ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai.

Matarsa ta ce, "Me ka gani?"

"Takalmi."

"Na san ba tukunya ba ce. Me ka gani a jikinsa?"

Sai wani tunani ya faɗo masa mai daɗi kamar ruwan sanyi. Takalmin fa tsinkewa ya yi! Aikin Na-Hagu, ɗan gwal, mai ƙofar gilashi, ya tsinke a kan titi ya bar tsohuwa da ƙafa a ƙasa! Shekara ashirin da uku yana jiran wannan rana. Ya zaro takalmin da rawar jiki ya kai shi haske. Sai murnar ta koma ciki. Fatar maɗaurin ce wani kaifin kwano ya yanke ta tsakiya. Ɗinkin yana nan daram ta kowane gefe, kamar a wurin aka haife shi. Ya ɗauko filaya ya ja. Ya sake ja har da cije leɓe. Ko motsi.

Ya ajiye filaya ya ce, "Sai mu bi makarantu ɗaya bayan ɗaya. Ko a kai cigiya gidan rediyo."

"Rediyo?" Matar ta fisge takalmin, ta tanƙwara shi yadda ta ga yana yi. "Baban yara, ka ji tsoron Allah. Ni ma na san ɗinkin nan. Na taɓa sa shi a ƙafata, kamar ina taka auduga."

"Ba sai kin tuna mini ba."

"Kwalinta yana can a rataye a shagonsa, ka fi ni sani."

Ya fi ta sani kuwa. Ubansu ne ya koya musu: duk ƙafar da za a yi wa aiki na musamman, a ɗora ta a kan kwali a zagaye ta da fensir, a rubuta gidan mai ita a baya, a soke a ƙusa. Na-Hagu bai taɓa fasawa ba. Na-Dama kuwa ya daina tuntuni, yana taƙama shi a kansa yake ajiye ƙafafu. To ga ƙafa ta zo wadda ba ta cikin kansa.

Ya ce, "Na rantse."

"Ita ta sa ka? Dubi hannunta. Dubi inuwa inda ta kai."

Duk wannan tsohuwa na shan lemonta. Sai ta ɗaga tabarau ta sa, ta ƙura masa ido. Shi da ƙanensa hancinsu ɗaya, na ubansu, irin wanda ke riga mutum shiga ɗaki. Fuskarta ta washe.

"Au, ashe kai ne! Mai takalmina! Yaro mai hannun zinariya." Ta juya wajen matar. "Kin gan shi nan? Duk garin nan ba mai ɗinki irin nasa. Sauran duk maƙera ne."

Matar ta ce, "Haka ne, Inna," ta kau da kai tana danne dariya.

"Yaya wan nan naka mai baƙin rai? Yana nan a bayan tasha yana shaƙar gam?"

Na-Dama ya ce, "Yana nan."

"Allah sarki. Ka ce mini shi ya koya maka shafa wa zare kaki, kana ƙarami, yana riƙe da hannunka. Ka ce da zai rage sauri da fushi, da kai ma sai ka kai masa naka." Ta tsotse lemo. "Ni dai na ce ba a gyara hali."

Shi da kansa ya manta da zancen kakin. Bai san ko daɗi ya ji ko haushi ba, sai ya zaɓi haushi don shi ya saba da shi. Ya ce, "Mota dai ba za ta shiga ba. Da ƙafa za ta je, kuma ba da wannan ba." Ya jawo akwatin aiki.

Amma ku ji halin ɗan Adam. Da ya tuna idon wa takalmin zai je, sai ya zaɓo siririyar allura ya fara bi ta cikin kaurin fata, a hankali, harshe a waje. Taku ɗaya, biyu, uku, huɗu. A na biyar zaren ya tsallako ya gaishe shi. Ya warware ya sake. A na shida ya tsallako.

Tsohuwa ta ce, "An ba ni maganin yamma kuwa?"

Matar ta sunkuyo daidai kunnensa ta ce, "Gasa kake yi ko taimako? In gasa ce, jefa shi a gwangwanin fentin nan ya tarar da 'yan'uwansa."

Ashe ta sani! Ya dube ta, ta dube shi. Ya jefar da siririyar allurar, ya ɗauki basilla, ya ninka zare biyu, ya ja shi a kan kaki sau uku. Ya sa guntuwar fata ta ƙasa, ya haɗa bakin yankan, ya yi irin nasa, manyan taku a fili, kowanne ya ja shi har zaren ya shata masa yatsa. Karo na farko a rayuwarsa bai yi fito ba, bai yi sauri ba. Da ya gama ya naɗe mata tafin ƙafa da tsumma mai tsabta, ya durƙusa ya sa mata takalmin da hannunsa.

Ya ƙwalla wa Giɓi kira. "Zo ka zauna nan. Ga rumfa, ga lemo. Ɗaya ya ɓata..." Ya ɗaga yatsu huɗu. Giɓi ya zo ya zauna a kan benci, ya harɗe ƙafafu ta yadda ba za a ga dunduniyar ba.

Suka kama hanya, shi ta dama, matarsa ta hagu, tsohuwa a tsakiya, an ja mata ɗankwali ya rufe kunnuwa. Suka tsallake hanyar jirgi, suka ratsa ta wajen masu katako, suka fara hawan tudu. Tafiyar da mai lafiya zai yi a rabin awa ta ci musu fiye da awa. Duk wanda suka haɗu da shi sai tsohuwa ta tsayar da shi ta nuna Na-Dama ta ce, "Wannan ne mai shagon gilashi. Ku kai masa naku, kada ku kai wa wansa." Wani mutum har ya tambayi kwatance. Na-Dama da bakinsa ya yi masa, daidai, har da kwanar da za a bi. Idonsa dai bai bar takalmin ba. Duk taku sai ya ji kamar a ƙirjinsa aka ja zaren. A kan tudun ta gaji, ta jingina da shi gaba ɗaya, ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar an ba shi riƙon wanki. Takalmin bai ce uffan ba.

Rana ta yi ja lokacin da suka iso layin asibiti. Ga ƙofar gilashin da bai taɓa gani ba sai a mafarkin da ke tashinsa da ciwon kai. Ta ma fi yadda ya zata ƙanƙanta, hakan kuma bai rage masa komai ba. Ya tsaya cak, taku ɗaya kafin dokin ƙofa. Matarsa ta shige da tsohuwa.

Na-Hagu ya ɗago daga kan aiki. Ya yi furfura, ya sa tabarau. Ya hango wanda ke waje, ya fara duban takalminsa bisa sabo, sannan fuskarsa. Ya ce, "Yaya?" Kafin a amsa ya ga tsohuwar, ya miƙe. "Malama! Me ya fito da ke?"

Ashe tsohuwar malamar makaranta ce, rabin layin ita ta koya musu karatu. Ya je bango, ya yi ta ɗaga kwalaye a kan ƙusa, ya zaro ɗaya mai zanen ƙafa da ƙullutu a gefen yatsa. A bayansa ga kwatancen gida, ga lambar waya. Ya buga.

Ba a daɗe ba mota ta tsaya, wata mata ta fito a guje, ita ma kanta da furfura, ido ya kumbura. Tun safe suke nema, har ɗakin ajiye gawa sun leƙa. Ta faɗa jikin uwarta. Tsohuwa ta shafa kanta ta ce, "Har an tashe ku? Ai ina hanya." 'Yar ta zaro magani a jaka ta ba ta.

Sannan ta juya ta durƙusa a gaban Na-Hagu. "Allah ya saka maka. Allah ya raya maka zuriya. Kai ka taimake mu a kan ƙafarta, yau kuma ka dawo mana da ita gaba ɗaya."

Na-Hagu ya buɗe baki zai gyara zancen, amma shi komai nasa a hankali yake yi, har addu'a ta kai kan jikokinsa bai gama buɗewa ba. Na-Dama yana waje yana ji ta cikin gilashi, kowace addu'a tana wuce shi tana sauka a kan ƙanensa kamar yadda komai ya saba yi. Tsohuwa ta leƙo ta gan shi ta ce, "Wane ne wancan a tsaye a rana? Ku ba shi ruwa mana."

Sai matarsa ta ce da ƙarfi, "Wancan shi ya ƙwato ta a hannun 'yan iska, shi ya gyara mata takalmi, shi ya tallabo ta tun daga bayan tasha. Wan wannan ne."

'Yar ta fito da sauri, ta sake sabuwar godiya, ta zuba masa nasa addu'o'in. Ya ce ba komai, ba komai. Amma ba ita yake kallo ba. Ta saman kafaɗarta ya hango Na-Hagu ya cire wa tsohuwa takalmin hagu, ya kai shi ƙarƙashin fitila, ya juya shi, ya ɗan yamutsa fuska. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauko reza.

Na-Dama bai san lokacin da ya zabura ba. Shi dai ya ga takalmin a hannunsa, rezar a ƙasa, fanka tana kaɗa masa hula.

"Me za ka yi?"

"Warwarewa zan yi, Yaya, in mayar mata da shi yadda yake."

"Ka warware aikin wa?"

Matarsa ta ce, "Baban yara, dubi ƙasa."

Ya duba. Ƙafafunsa biyu a kan tayil, tsakiyar shago.

Ta ce, "Da dama ma ka fara shigowa."

Na-Hagu ya ce, "Ba raini ba ne, Yaya. Ƙarfi kam yana da ƙarfi, na ja shi na ji. Amma dubi takun nan, kamar hanyar jirgi. Malama ce fa. Daga tsallaken titi za a hango shi."

"A hango mana. Sata na yi?"

"Aikin kirki ba a ganinsa. Shekara nawa ina gaya maka."

"Ba ka taɓa gaya mini ba, ba ma magana."

"To yau na gaya maka. Ka tambayi kowa a layin nan wane ɗinki ya fi."

Tsohuwa tana duban wannan tana duban wancan, ta ce wa 'yarta, "Ke, ni ce nake gani biyu, ko dama biyu ne?"

Na-Dama ya durƙusa, ya mayar mata da takalmin a ƙafa, ya daidaita maɗaurin a kan tsumman da ya naɗa. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya dubi ƙanensa, wannan karon a fuska.

Ya ce, "Ba sai na tambayi kowa ba. Naka da ba a gani, shi ya kai ta bakin ƙonanniyar bas. Nawa da ake hangowa daga tsallaken titi, shi ya dawo da ita gida."